Takardar Shafi Shida: Tony Hoare da Ma'aunin Ambato

(An rubuto daga rikodin laccar da wani malamin kimiyyar kwamfuta ya gabatar wa ɗalibai a Birnin Kebbi.)

Assalamu alaikum. Na baya, kuna ji na? To madalla. Idan wuta ta ɗauke ku matso gaba, ba zan ɗaga murya ba, jiya na sha ƙurar hanyar Jega.

Abu uku zan taɓo: mene ne tabbatar da ingancin manhaja, wane ne Tony Hoare, sannan yadda ake auna aikin mai bincike da yawan ambaton da ake yi masa. Uku ne. Ku riƙe min lissafi, don na san halina.

Na farko. Ka rubuta shirin kwamfuta, ka gwada sau goma, ya yi aiki. Ba shi da kuskure ke nan? A'a. Dijkstra, mutumin Holan, ya faɗa tuntuni cewa gwaji yana iya nuna akwai kuskure, amma ba ya iya nuna babu. Mai sayen albasa a Aliero ya zaro uku daga bakin buhu ya ga lafiyayyu, wannan bai gaya masa abin da ke gindin buhun ba. Masu wannan fanni so suke su kafa hujja ta lissafi a kan buhun duka. Kuma abin ba wasa ba ne: ranar 4 ga Yuni 1996 rokar Turai, Ariane 5, ta tarwatse kimanin daƙiƙa 40 da tashinta, saboda an ɗura lamba mai ɗigo 64 a gurbi mai ɗigo 16 (ɗigo shi ne bit, kowane 0 ko 1 da kwamfuta ke rubuta lamba da shi). Ruwan jarka a kwalbar lemo. Zan dawo kanta.

To, Hoare. Wannan bawan Allah, a Colombo ta ƙasar Siri Lanka aka haife shi a 1934, kuma ba kwamfuta ya karanta a Oxford ba. Latin da Girkanci da falsafa ya yi. Ku da kuke raina 'yan sashen harsuna, kun ji. (Dariya.) Ya koyi Rashanci, ya je Mosko, yana neman hanyar jera kalmomi don fassarar inji sai ya ƙirƙiro Quicksort, wanda ya kayar da rabinku a jarrabawar bara. Amma ni ba Quicksort ne ya kawo ni ba. A 1969, yana farfesa a Belfast, ya buga wata takarda a mujallar Communications of the ACM kan kafa shirye-shiryen kwamfuta bisa ƙa'idojin lissafi. Ba ta wuce shafi shida ba. Shafi shida! Shi da kansa ya ce a kan aikin Robert Floyd na 1967 ya ɗora, bai ɓoye ba.

Me ke cikinta? Abu uku ake jerawa: halin da ake ciki kafin umarni, umarnin kansa, da halin da za a shiga bayansa. Bari in sauko da shi kasuwa. Buhun shinkafa yana da mudu 40. Umarni: ɗebi mudu 5. Bayan nan saura 35. Yaro ma ya sani. Daɗin abin shi ne daga baya ake lissafin zuwa gaba. Kana so bayan an ɗeba kada buhu ya ci bashi? To dole kafin a ɗeba ya kasance akwai aƙalla mudu 5. Ka fara da abin da kake so a ƙarshe, ka tambayi kanka me ya wajaba tun farko. Ni ranar da na gane wannan ban yi barci da wuri ba, wallahi.

Sai maimaici, wato umarnin da ke ta zagayowa. Nan ne ɗalibai ke tsorata. Ta yaya za ka kafa hujja kan abin da zai zagaya sau miliyan? Ku kalli mai awo a kasuwar Argungu yana juye shinkafa daga wannan buhu zuwa wancan, mudu bayan mudu. Wannan yana raguwa, wancan yana ƙaruwa. Amma akwai abin da ba ya motsi: idan ka haɗa na nan da na can, 40 ne. Kafin ya fara 40 ne, bayan kowane mudu 40 ne. Idan ka nuna mudu ɗaya ba ya ɓata wannan jimla, ka gama da duk mudun da zai biyo baya, ko miliyan ne. Sai dai in mai awon yana da hannu. (Dariya.) Wannan kuma ba matsalar lissafi ba ce, ta Sarkin Kasuwa ce.

Ku sake ji: mudu ɗaya za ka bincika, ba miliyan ba. Mudu ɗaya.

Kuma mutumin yana da gaskiya a kan kansa. A 2009 ya tsaya gaban jama'a ya ce shi ya shigo da alamar nan ta "babu komai", wato null, wadda ke yawan tsayar da manhaja idan aka manta da ita, cikin harshen rubuta shirin kwamfuta na ALGOL W a 1965, ya kira ta kuskurensa na dala biliyan. A 1996 kuma ya rubuta takarda yana tambayar yadda manhaja ta yi inganci haka ba tare da hujjojin da ya yi ta kira a kansu ba. Mutum ya karɓi kyautar Turing, babbar kyautar kimiyyar kwamfuta, a 1980, ya dawo yana tuhumar fanninsa.

Ina muke? Na huɗu? Na uku, to, na gode. Lokaci ya ja, bari in gaggauta.

Ma'aunin h, wani masanin fiziks, Jorge Hirsch, ya kawo shi a 2005. Idan kana da takardu 10 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 10, ma'auninka 10 ne. Ku buɗe Google Scholar, shafin da ke ƙirga ambaton takardun bincike, za ku gani. Takardar 1969 an ambace ta dubban lokuta, amma a wannan ma'auni maki ɗaya tak take ba shi, daidai da wata takardar da ba ta kai rabin rabinta ba. Sannan ku dubi seL4, zuciyar manhajar sarrafa kwamfuta da Gerwin Klein da abokansa suka tabbatar a Ostareliya a 2009: layi kusan 8,700 na harshen C, hujja kuma layi kusan 200,000. A taro aka gabatar da ita, don mu a fanninmu manyan ayyuka a taruka suke fitowa, alhali kwamitin ƙarin girma sau da yawa mujalla yake ƙirgawa. Ni an taɓa mayar min da takardar taro aka ce ba ta shiga lissafi. Ba zan faɗi wurin ba. Sai CompCert na Xavier Leroy a Faransa, mai juya harshen C zuwa harshen inji: masu bincike a Jami'ar Utah sun yi ta jifan irin waɗannan manhajoji da gwaji a 2011, suka tono ɗaruruwan kurakurai, amma ba su samu ko ɗaya a ɓangarensa da aka kafa wa hujja ba. Wace lamba ce za ta auna wannan?

Na ga hannu. Bismillah, 'yata.

(Wata ɗaliba: Malam, ka ce za ka dawo kan rokar. Da an kafa mata hujja, da ba ta faɗi ba ke nan?)

Allah ya yi miki albarka, kin kama ni. Amsar ita ce: ya danganta da abin da aka rubuta a matsayin halin farko. Wannan manhaja daga Ariane 4 aka ɗauko ta, kuma a can ta yi aiki lafiya, domin lambar ba ta taɓa kai girman da zai cika gurbin ba. Ariane 5 ta fi ta gudun kwance, wato gudu zuwa gefe ba sama ba, a farkon tashi, sai lambar da ke da alaƙa da wannan gudun ta fi ƙarfin gurbin. Idan ka kafa hujja da sharaɗin tsohuwar roka, hujjarka daidai ce, rokar kuma ta faɗi. Ka ce buhu 40 ne, aka kawo maka mai 100. Amfanin hanyar Hoare a nan shi ne tana tilasta ka rubuta sharaɗin ƙuru-ƙuru, yadda injiniyan sabuwar roka zai karanta ya ce, tsaya, namu ya wuce haka. Amma wa zai tabbatar sharaɗin kansa daidai ne? Mutum ne zai zauna ya duba, ya tambayi masu injin.

An kira salla ko? To. Mai son takardar 1969 ya same ni ofis ranar Talata, ina da kwafi biyu, ɗayan shayi ya zube masa a shafi na uku.