Zamana a gidan Baba kafin a sayar da shi

Assalamu alaikum, masu kallo. Yau ina magana da ku daga falon gidan mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, a birnin Bamingham da ke Ingila. Allon da kuke hangowa ta taga na dillalin gidaje ne, kuma yana shaida wa duk mai wucewa cewa gidan na sayarwa ne, alhali ni a cikinsa nake kwana.

Wata bakwai ke nan da rasuwar Baba. Mu biyar ya bari, maza uku da mata biyu, kuma ya rubuta wasiyya cewa a raba dukiyarsa yadda Musulunci ya tsara, domin da bai rubuta ba, dokar Ingila za ta raba mana daidai wa daida tunda mahaifiyarmu ta riga shi rasuwa. Gidan ya kasu kashi takwas, nawa biyu, wato rubu'i. A Kano da tuni malamai sun zauna an yi ƙiyasi, kowa ya san inda ya tsaya. A nan kuwa ba a kammala cinikin gidan mamaci sai kotu ta ba wasiyyi takardar izini da suke kira furobet, kuma wasiyyin namu shi ne babban yayanmu da ke Landan.

Kafin mu nemi wannan takarda sai da muka bi ta hukumar haraji. Harajin gado a ƙasar nan kashi 40 cikin ɗari ne na abin da ya haura fam 325,000, amma idan gidan da mamaci ya zauna a ciki ya koma hannun 'ya'yansa, ana ƙara rangwamen da ya kai fam 175,000. Namu bai kai jimillar ba, saboda haka ko kwabo ba za mu biya ba, sai dai cike takardun da ke tabbatar da hakan kaɗai ya ci mana watanni.

To, me ya zaunar da ni a nan? Ni na yi jinyar Baba shekara biyu, kuma bayan rasuwarsa Yaya ya ce in ci gaba da zama, saboda kamfanonin inshora da yawa sukan rage kariyar gidan da ya wuce kwana 30 babu kowa, ga shi kuma a hunturu bututun ruwa kan daskare ya fashe idan ba a kunna na'urar ɗumama ɗaki ba. Na amince da murna, ban gane matsayin da na shiga ba sai daga baya. Ni ba mai gida ba ne, ba kuma ɗan haya ba ne. Ina biyan kuɗin wuta da iskar gas da harajin ƙaramar hukuma daga aljihuna, amma ranar da famfon kicin ya soma yoyo sai da na kira Landan na nemi izini kafin in kawo mai gyara, domin kuɗin daga dukiyar magada zai fito.

Abin da ya fi yi mini nauyi shi ne ranakun duba gida. Dillali yakan turo saƙo da dare cewa gobe da ƙarfe huɗu akwai masu zuwa, sai in tashi in share, in naɗe dardumar Baba, in ɗauke buta daga banɗaki, in buɗe tagogi domin ya ce ƙamshin turaren wuta ba kowa yake yi wa daɗi ba. Na taɓa tsayawa a bakin ƙofa ina kallon wata mata, da takalminta a ƙafa, tana auna ɗakin da Baba ya cika a ciki, tana gaya wa mijinta cewa nan za su mayar da shi ofis. Ba ta yi laifin komai ba, amma ranar ban iya cin abinci ba.

Can gida kuma magana ta fara tashi. Ƙanwata da ke aure a Kano ta ce mini a waya: "Yaya, mutane suna cewa kai ne ka danne gidan saboda kana zaune kyauta." Na yi mata bayani cewa mai saye na farko ya gaji da jira ya janye, kuma a Ingila kafin a yi musayar takardun yarjejeniya kowa na iya fasawa ba tare da tara ba. Ta ce ta gane, amma muryarta ba ta nuna haka ba. Ban ga laifinta ba, gaskiya, domin kuɗin makarantar 'ya'yanta take jira. Daga ranar na soma rubuta duk abin da na kashe da duk wanda ya zo duba gida, ina tura wa kowa a ƙarshen wata, na kuma ce idan suna son in riƙa biyan haya a cire daga kasona, na yarda.

Makon jiya takardar izinin ta fito, kuma akwai sabon mai saye. Lauya ya aiko mini takardar da zan sa hannu cewa zan fice kafin ranar miƙa makulli. Waɗannan kwalaye da ke bayana littattafan Baba ne, kuma har yanzu ba mu daidaita a kan wanda zai ɗauke su ba. Bari in tsaya nan, domin mai duba lafiyar gini zai iso da ƙarfe goma sha ɗaya, kuma ban kwashe kayan da ke kan matakala ba.