Yadda Zafin Leza Ke Tuƙa Ruwa Ya Tantance Ƙananan Ƙwayoyi

Ku ƙaddara siririn ruwa da aka matse tsakanin gilasai biyu, da wani ɗigo yana ta karkarwa a cikinsa. Ɗigon nan ƙwaya ce mai faɗin maikiromita biyu, wato kashi biyu cikin dubu na milimita. Babu hantsakin da zai ɗauke ta, ga shi ba ta tsayawa wuri ɗaya, domin ruwan yana bugun ta ta kowace fuska.

A 1986 masanin kimiyya Arthur Ashkin ya nuna cewa hasken leza, wato siririn haske mai ƙarfi da ake tattarawa wuri ɗaya, yana iya riƙe irin wannan ƙwaya, aikin da ya samo masa kyautar Nobel a 2018. Sai dai dole hasken ya sauka a kan ƙwayar kanta, kuma ba kowace iri yake kamawa ba. A dabarar da muke dubawa, ruwan ake motsawa, shi kuma ya kwashi ƙwayar.

Ku lura da wurin da lezar ta haska. Ruwan ya ɗan ɗumama da 'yan digiri kaɗan, sai ya buɗe, danƙonsa kuma ya ragu da kusan kashi 2 cikin 100 a kowane digiri. Idan aka zarce da hasken bisa layi, ruwan da ke gabansa yana buɗewa, na bayansa yana hucewa yana tsukewa, saboda haka ruwa yakan zame daga gaba zuwa baya ta tsakiyar nan mai ɗumi, inda ya fi tsinkewa. Zamewar ba ta taka kara ta karya ba, amma da an maimaita ta sau dubbai a cikin daƙiƙa, sai ga ruwa yana gudu, kuma abin sha'awa, yana tafiya akasin inda hasken yake nufa. Franz Weinert da Dieter Braun sun bayyana wannan a Munik ta Jamus a 2008.

Tantancewa kuwa aikin kyamara da kwamfuta ne: kyamara ta gane girman ƙwaya ko launinta, kwamfuta ta zana wa lezar layin da zai tura wannan dama, waccan hagu, tana gyara layin a kai a kai.

A 2018 masu bincike a cibiyar Max Planck da ke Dresden sun yi amfani da wannan dabara sun motsa ruwan cikin ƙwan wata 'yar ƙaramar tsutsa mai suna C. elegans yana raye. A nan ne zafin yake buƙatar taka-tsantsan matuƙa, domin in ya haura kaɗan, ƙwayar halittar da ake nazari ita za ta fara lalacewa.