Haziƙin yaron da ba ya gani: laccar da aka gabatar ga malaman firamare

Jama'a, assalamu alaikum. Abubuwa uku na zo da su, kuma zan yi ƙoƙari in gama kafin la'asar.

Na farko, tun a shekarar 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta haɗa haziƙan yara da masu buƙata ta musamman a babi guda, amma a aikace sai muka raba musu gida. Haziƙai suna da makarantar gwamnatin tarayya ta Suleja, wadda aka buɗe a 1990, da ta Bamaina a jihar Jigawa, makafi da kurame kuwa suna da irin su Tudun Maliki a Kano, da ta makafi a Gindiri, jihar Filato, wadda take nan tun 1953. To, yaron da yake makaho kuma haziƙi, wace ƙofa zai ƙwanƙwasa?

Ku bar ni in ɗan tsaya a nan, domin wannan shi ne abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Wa ya taɓa riƙe allon rubutun makafi a cikinku? Mutum biyu kacal, kuma ɗayan ma da alama kunya ce ta sa ya ɗaga hannu. Rubutun makafi, wato Braille, ɗigo shida ne a jere biyu, uku-uku, kuma daga waɗannan shidan ake fitar da alamomi 63. Yaron yana sa takarda mai kauri a cikin allon, ya ɗauki ɗan tsinken ƙarfe yana huda ta daga dama zuwa hagu, kamar mai rubuta ajami, sannan ya juya takardar ya karanta da yatsa daga hagu zuwa dama. Ma'ana, kowane harafi a juye yake rubuta shi. Na sake faɗa, a juye! Yaro ɗan shekara bakwai yana yin wannan kullum, amma malaminsa na aji, da yake bai iya karanta ɗigon ba, sai ya ajiye shi a bencin baya yana cewa "Allah sarki". Mu da muka san makafin da suka haddace Alƙur'ani izu sittin, bai kamata mu yi mamakin kaifin ƙwaƙwalwarsu ba.

Sai batun doka, wato na huɗu. Au, na biyu ne? To, na biyu. An sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman a watan Janairun 2019, aka ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyoyin shiga. Ku duba matakalar ajinku idan kun koma.

Malama, kina da tambaya? Ta ce ban ce komai game da kurame ba, kuma gaskiyarta. Maganar hannu da ake koyarwa a makarantunmu ta samo asali ne daga ta Amurka, ta hannun wani kurma Ba'amurke mai suna Andrew Foster, wanda ya buɗe makarantar kurame a Ibadan a 1960, alhali kuramen ƙasar Hausa suna da tasu da suke yi a kasuwa da gida. Saboda haka yaro kan iso aji da harshe a hannunsa, a ɗauka bai san komai ba. Ki fara tambayar mahaifiyarsa alamar da yake yi idan yana son ruwa, ki koya daga wurinta. Na uku kuwa sai wani zaman, ga ladan can ya fara kira.