Jawabin Maraba da Hausawan Gadarif Suka Gabatar wa Mai Girma Jakada

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Jakada, ranka ya daɗe. Sarkin Hausawa da 'yan majalisarsa, malamanmu Allah ya gafarta, iyayenmu mata, matasa, jama'a baki ɗaya.

A madadin Hausawan Gadarif da ke gabashin Sudan ina yi maka barka da zuwa, sannu da hanya. Daga Fot Sudan zuwa nan, shingayen bincike kaɗai sun isa su gajiyar da saurayi, balle dattijo. An ce zumunci a ƙafa yake. Ka taka, mun gode.

Ka zo mana da saƙon talakawan duniya masu neman zaman lafiya da kawar da makaman ƙare dangi. Wani zai ce ina ruwan manomin riɗi da bom ɗin nukiliya? Da ruwansa. Ranar 13 ga Fabrairun 1960 Faransa ta gwada bom ɗinta na farko a Reggane, cikin Saharar Aljeriya, hamadar da ke aika wa ƙasar kakanninmu ƙurar hunturu. Da gwajin ya ƙi tsayawa, Najeriya ta sallami jakadan Faransa a Janairun 1961, tana 'yar wata uku da samun 'yanci. Yuraniyom ɗin Arlit kuwa daga ƙasar 'yan'uwanmu na Nijar aka yi ta haƙo shi.

Abin da ya fi burge mu shi ne ba masu mulki suka ɗauko wannan tafiya ba. Waɗanda suka tsira daga wutar Hiroshima da Nagasaki ta 1945 ne suka yi shekaru suna bi gari-gari, suna ba da labarin abin da idonsu ya gani, har ƙungiyarsu ta karɓi lambar Nobel a 2024. Gamayyar ICAN, wato haɗakar ƙungiyoyin duniya masu fafutukar kawar da makaman nukiliya, ta yi ta naci sai da ƙasashe 122 suka amince da yarjejeniyar haramta makaman ranar 7 ga Yulin 2017, ta kuma fara aiki a Janairun 2021. Gaskiya ne, cikin ƙasashe tara masu makaman babu wadda ta sa hannu. Amma Afirka ta Kudu ta ƙera shida ta kwance su da kanta, don haka kada kowa ya ce mana ba ya yiwuwa.

To amma, ranka ya daɗe, ba za mu ɓoye maka halin gida ba. Abin da ke kashe mu tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023 ba nukiliya ba ne, kalashinkof ne da igwa da jirgi marar matuƙi. Da birnin Madani ya faɗa hannun dakarun RSF masu yaƙi da sojojin ƙasa a Disambar shekarar, jama'a suka kwararo mana a bayan motocin ɗaukar dawa. A makarantun da aka sauke su, aji guda sai ka tarar da gida huɗu ko biyar, an rataya zannuwa a igiya a madadin bango, tsohuwa na kwance ƙarƙashin allo. Tun kafin asuba matan takiyya, wato wuraren dafa abincin sadaka, suke hura wuta ƙarƙashin tukwanen adas (wani irin wake), yara na layi da bokitai, babu mai tambayar wani ƙabilarsa. Matasan da ke bi gida-gida suna tara kuɗin wannan girki, yawancinsu ba su taɓa jin sunan ICAN ba, amma a ganina aikinku ɗaya.

Mu kanmu mun ɗanɗana wuyar kame hannu. Bayan rikicin ƙabilancin da ya rutsa da 'yan'uwanmu a yankin Damazin da Rusairis a Yulin 2022, zuciya ta ɗebi wasu, sai da dattawa suka tsaya tsayin daka. Jikokin mutanen da suka baro Burmi bayan yaƙin da Turawan Ingila suka yi da Sarkin Musulmi Attahiru a can a 1903, suka taka har gaɓar Nilu suka kafa Mai Wurno, ba sa buƙatar a koya musu abin da yaƙi ke haifarwa.

Roƙonmu biyu ne. Idan kun zauna a Jeneba ko Niyok kuna lissafin manyan bama-bamai, ku sa bakinku a maganar masu turo ƙananan makamai Sudan, domin ba a gonakinmu suke tsirowa ba. Sannan ku aiko mana da takardunku cikin Hausa da Larabci, malamanmu za su karanta su a masallatai da makarantun allo. Takardar sa hannun da ka zo da ita kuma tana kan tebur, duk mai so ya sa bayan taro.

Bayan la'asar za mu raka ka makarantar da baƙinmu ke zaune, ka gani da idonka. Yanzu dai an kawo jabana, gahawarmu ta Sudan, jama'a kuma sun ƙosa su ji daga bakinka. Ranka ya daɗe, bismillah.