Sharhi: Tambayar giya a ɗakin karɓar magani

Masu saurare, barkanmu da war haka.

Idan ma'aikacin lafiya a nan Damagaram ya dubi saurayi mai ɗauke da cutar sida ya ce masa, "Kana shan giya?", amsar a bakin kowa take: "A'a, Allah ya kiyaye." Mai sha da wanda bai taɓa sha ba, bakinsu ɗaya. A garin da magana ke tashi daga Birni ta isa Zango kafin la'asar, wa zai ɗora wa kansa kunya biyu?

Hukumar Lafiya ta Duniya tana da ma'auni mai suna AUDIT: tambayoyi 10, maki daga 0 zuwa 40, wanda ya kai 8 shansa ya shiga haɗari. Yana da amfani, amma yawan sha da illarsa yake aunawa, kuma da awon gram 10 na barasa yake lissafi. To, ƙwaryar burkutu gram nawa ce?

Abin da ya fi damuna shi ne abin da ke cikin kan yaron. Wani ya yarda giya na kore damuwa. Wani yana sha don kada 'yan fadarsu su ce ya canza, su fara bincike. Akwai kuma wanda ya ji an ce giya da maganin sida in sun haɗu a ciki guba ne, sai ya ajiye maganinsa ranar da zai sha, a ganinsa ya yi dabara. Nan ne ɓarnar take. Tsallake magani ke ba cutar damar hayayyafa, har ta kai ga bijire wa maganin. Giya tana cin hanta, ballantana ga mai ciwon hanta nau'in B, tana kuma sa mantuwa, shi ya sa likitoci ke cewa a bar ta. Amma ko an sha, ba su ce a fasa haɗiyar magani ba.

Irin wannan tunani ba ya fitowa a takardar Faransanci da ake karantawa a gurguje, ga layi a bakin ƙofa. Sai an keɓe, an yi Hausa, an ce, "Ƙanena, wasu samari na cewa ba a haɗa magani da giya. Kai me ka ji?" Zai fara da labarin wani abokinsa. A ƙyale shi ya ba da labarin abokin har ƙarshe.