Jahazi ba ya bin agogo

Masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci. Sharhinmu na yau zai kai mu gaɓar gabashin Afirka, daga tsibirin Lamu na ƙasar Kenya zuwa Zanzibar da Kilwa a Tanzaniya, inda har gobe ake sassaƙa jiragen katako da hannu, iska kuma ke tura su. Kuɗin 'yan yawon buɗe ido ne ke riƙe da da yawa daga cikin waɗannan jirage a yanzu, kuma wannan abin farin ciki ne. Damuwar ita ce an fara sayar da tafiyar kamar ta motar haya: a tashi ƙarfe kaza, a dawo ƙarfe kaza. Jirgin iska yana da dokokinsa, kuma wanda zai hau shi ya kamata ya san su.

Jiragen iri-iri ne. Mafi girma shi ne jahazi, mai ɗaukar siminti da gawayi da katako da buhunan abinci tsakanin tsibirai da babban tudu. Sai mashua, matsakaici, na masunta, wanda shi ne aka fi ɗaukar baƙi a ciki. Akwai ngalawa, kwale-kwale siriri da ake fafewa daga kututturen mangwaro, a ɗaura masa katako biyu a gefe da gefe don kada ya kife. A da can akwai mtepe, wanda ba ƙusa ko ɗaya a jikinsa, ɗinke katakansa ake yi da igiyar ɓawon kwakwa. Shi kam ya ɓace tun wajen shekarun 1930.

Doka ta farko ita ce iska. Daga wajen Disamba zuwa Maris, iskar kaskazi ce ke kaɗowa daga arewa maso gabas. Daga Afrilu zuwa wajen Satumba ko Oktoba sai ta juya, kusi ta taso daga kudu. Wannan juyi shi ya gina garuruwan gaɓar baki ɗaya. Jiragen Oman da Yaman da Indiya kan sauko da kaskazi ɗauke da dabino da busasshen kifi da tufafi, su zauna a Mombasa ko Zanzibar watanni suna jiran iska ta juya, sannan su koma da hauren giwa da kanumfari da sandunan rufin ɗaki. Sun kwashi bayi ma, har aka rufe kasuwar bayi ta Zanzibar a 1873. Ta wannan hanyar shahararren matafiyi Ibn Battuta ya isa Mombasa da Kilwa a 1331. Abin lura shi ne tsofaffin matuƙa ba sa tsallaka teku a tsakiyar kusi. Ko dai su tashi a Afrilu tana sabuwa, ko su jira ƙarshenta wajen Agusta da Satumba, domin a Yuni da Yuli ƙarfinta kan kai matuƙa, igiyar ruwa ta yi tsayi. Har yau waɗannan ne watannin da nahodha, wato shugaban jirgi, yake yawan cewa yau ba fita.

Cikin yini ɗaya ma iska tana da tsarinta. Da dare zuwa asuba takan huro a hankali daga tudu zuwa teku, masunta su bi ta su fita. Da hantsi takan kwanta. Daga azahar zuwa la'asar ta teku ke tasowa da ƙarfi, ita ke dawo da su gida. Wanda ya matsa sai an tashi da hantsi zai iya shafe awanni a tsakiyar ruwa rana na dukansa, jirgi bai motsa ba.

Doka ta biyu ita ce cikar teku da janyewarsa. A wannan gaɓa ruwa kan cika sau biyu ya janye sau biyu a kwana ɗaya, kowanne wajen awa shida, kuma kullum lokacin yana jinkirta da kusan minti 50. Wata ne ke tafiyar da shi. A tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu zuwa sha biyar, bambancin cika da janyewa kan kai mita 3 zuwa 4. Matuƙa na kiran wannan lokaci bamvua. A kwana bakwai ko takwas ga wata, da kuma ashirin da biyu, motsin kan ragu sosai, suna ce masa maji mafu. Mita 4 ba wasa ba ne. Mashigin da jirgi ya bi da safe yana iya zama yashi da duwatsun murjani da yamma. Mashigin Mkanda da ke tsakanin tsibirin Manda da babban tudu, hanyar zuwa tsibirin Pate daga Lamu, an daɗe da saninsa da cewa sai da cikar ruwa ake bin sa. Kufan tsohon garin Takwa ma ta wani siririn rafi cikin itatuwan mikoko, masu tsirowa a ruwan gishirin bakin teku, ake shiga, wanda ya makara fitowa kuwa sai ya jira cika ta gaba. Saboda haka nahodha ya fi kula da kwanan watan Musulunci fiye da na Bature.

Yanzu mu duba jikin jirgin, don a nan ne ilimin ya fi zurfi. A ƙauyen Matondoni na Lamu da Nungwi a arewacin Zanzibar, masassaƙi, wanda ake kira fundi, ba ya aiki da zane a takarda. Yakan fara da mkuku, doguwar itaciya mai tauri da ke zama ƙashin bayan jirgi, daga tsawonta ake auna komai. Sai a kafa katakon goshi da na baya. Haƙarƙarin jirgi, mataruma, ba lanƙwasa su ake yi ba, daji ake shiga a nemo reshen da ya tanƙwaru da kansa daidai siffar da ake so, domin katakon da aka yanko a karkace daga miƙaƙƙen itace yana tsagewa idan igiyar ruwa ta buge shi. Katakan gefe kuwa na itace mai jure ruwa ne irin su mvule da mbambakofi. Akan shafa musu mai, a gasa su a kan wuta har su yi laushi, sannan a matse su a jikin jirgi baki da baki, ba ɗaya a kan ɗaya ba. Kayan aikin ba su da yawa: gatari, gizago, zarto, zare da ake tsomawa cikin launi don ja layi, da kekee, abin huda katako da ake murzawa da baka da tsirkiya. Dole a huda kafin a buga ƙusa, in ba haka ba katako ya tsage. Akan naɗe wuyan ƙusar da auduga mai jiƙe da mai, a buga ta ta fito ta ciki, a lanƙwashe bakinta.

Bayan haka sai kalafati, wato toshe tsakanin katako da katako. Auduga ake jiƙawa da man kwakwa, a dinga cusa ta da ƙarfe mai faɗin baki da guduma, layi bayan layi. Idan aka yi sako-sako ruwa zai shiga. Idan aka cika matsewa, katako ya sha ruwa ya kumbura, sai ya tura maƙwabcinsa ƙusa ta saki. Sama da inda ruwa ke tsayawa akan shafa sifa, man hantar kifin shak, mai wari amma mai hana katako bushewa ya tsage. Ƙasa kuma, inda ke nutse kullum, shahamu ake shafawa: kitsen dabba da aka narkar aka kwaɓa da farar ƙasa. Dalilinsa wata tsutsar teku ce da ke shiga katako tana ƙarama ta dinga ci ta ciki, kamar yadda gara ke cin azara, waje lafiya lau, ciki duk rami. Shafin ba ya wuce 'yan watanni, sai an sake. A nan ma wata ne ke ba da lokaci: a jawo jirgi bakin yashi da cikar ruwa, a tokare shi, ruwa ya janye, a kankare gansakuka da ƙananan katantanwa, a shafa sabo kafin ruwa ya dawo. Wanda ya yi kuskuren jawo shi can sama a rana mafi girman cika, zai jira kusan mako biyu kafin ruwa ya sake isa wurin.

Mai jirgin da baƙi ke cika masa aljihu a kowace rana yana jin nauyin ajiye aiki don wannan gyara. Fenti mai sheƙi da matasan kai masu launi kuwa suna rufe ido. A nan haɗarin yake farawa.

Ƙyallen da iska ke turawa sunansa tanga. Yadin auduga ne mai kauri, ƙyalle-ƙyalle aka ɗinke, siffarsa kusan kusurwa uku. Ana ɗaure shi a jikin foromali, doguwar sanda da sau da yawa ta kai tsawon jirgin ko ta fi, wadda ake haɗawa daga sanduna biyu ko uku da igiya. Ita kuma ana jan ta sama a jikin mlingoti, ginshiƙin da ke tsaye ya ɗan karkata gaba. A babban jahazi sai mutane da yawa sun taru kan igiya, suna waƙa don jan ya zo daidai. Irin wannan tanga yana kama iskar gefe da ta baya da kyau ƙwarai, amma yana da wahala biyu. Ta farko, ba a iya rage faɗinsa yana sama. In iska ta yi yawa sai dai a sauke shi, ko a ɗaura ƙarami. Ta biyu ita ce juyi. Idan ana son sauya ɓangaren da iska ke bugowa, galibi ba a juya goshin jirgi cikin iska, bayansa ake ba ta. Nahodha ya karkata usukani, wato sitiyarin jirgi, a saki igiyar ƙasan tanga, wani ya jawo gindin foromali har ta miƙe tsaye a jikin ginshiƙi, a zagaya da ita ta gabansa, a ruga da igiyar zuwa ɗaya gefen a ɗaure, a kuma mayar da igiyoyin da ke riƙe ginshiƙi zuwa ɓangaren iska. Cikin wannan ɗan lokaci tanga yana kaɗawa ba mai iko da shi, jirgi kuma yana ba igiyar ruwa gefensa. Sau da yawa kifewa a nan take faruwa, ko lokacin da guguwa ta faɗo ba zato igiyar tanga tana ɗaure tamau. Shi ya sa ƙwararren matuƙi ba ya yi mata ƙullin da ba zai kwance da fizga ɗaya ba.

Nauyi ma yana da tsari. Ƙasan waɗannan jirage ba shi da zurfi, don haka ana dasa buhunan yashi a ciki, a dinga mayar da su ɓangaren da iska ke fitowa. A tseren jirage na bikin al'adu na Lamu da na sabuwar shekara a ƙauyen Shela na tsibirin, za ka ga samari sun fita kan katakon da aka miƙa waje suna rataye don daidaita jirgi. Fasinja shi ma nauyi ne. Mutum goma su tashi lokaci guda zuwa gefe ɗaya don ɗaukar hoton faɗuwar rana, sun isa su karkatar da mashua ruwa ya shigo.

To me mai niyyar hawa zai duba? Ya leƙa ƙasan jirgi ta baya, inda ruwa ke taruwa. Ɗan ruwa kaɗan ba komai ba ne, kowane jirgin katako yana tsatsa, amma in yaro yana kwarfa ba hutu tun jirgi na tsaye, kalafati ya mutu. Ya duba tazarar da ke tsakanin bakin jirgi da ruwa bayan kowa ya shiga. In hannu na taɓa ruwa cikin sauƙi, lodi ya yi yawa. Ya ƙirga rigunan ceto da idonsa, ya ga ko akwai na yara. Ya tambaya ko akwai ƙaramin inji na ko-ta-kwana da mai isasshe, da anka mai doguwar igiya, da ruwan sha fiye da na awannin da aka faɗa. Ya tambayi lokacin cikar ruwa na ranar. Matuƙin gaske zai amsa nan take. Idan ana juyi ya zauna ƙasa, ya janye ƙafarsa daga igiyoyi. In kuma nahodha ya ce a jira, to a jira, ko da an riga an biya.

Sauran matsalar ta itace ce da magada. Manyan itatuwan mvule da mbambakofi sun yi ƙaranci, sun yi tsada, kuma Kenya ta hana fitar da sandunan mikoko waje tun 1982 saboda yawan sara. Jiragen roba masu inji sun fi sauri, ba sa son shahamu, matasa kuwa suna ganin kuɗin yau. Akwai masu neman mafita: a Lamu fundi Ali Skanda ya jagoranci ƙera wani jirgi mai suna Flipflopi daga tarkacen roba da tsofaffin silifas, wanda ya yi tafiyar kusan kilomita 500 zuwa Zanzibar a farkon 2019. Wannan ya nuna siffar jirgin za ta iya rayuwa ko da katako ya ƙare. Amma fundi ba ya samuwa sai yaro ya shafe shekaru yana riƙe masa gizago. Hukumomin yawon buɗe ido na ƙasashen biyu, da otal-otal masu tura baƙi, su ne ke da ikon sa kuɗin gyara da na almajiran masassaƙa cikin farashin tafiya, su kuma daina cin tarar nahodha ko sauya shi da wani don ya soke fita a ranar da kusi ta yi ƙarfi.