Zomo Ɗaya a Keji: Yadda Ake Samo Masa Abokin Zama Ba Tare da An Zubar da Jini Ba

Wannan lacca ce da wani likitan dabbobi ya gabatar wa masu ajiye zomo a gida. An rubuto ta ne daga muryar da aka naɗa, an rage maimaici kaɗan.

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayena, yayyena da ƙannena, barkanmu da yamma. Yaran da ke can baya ku matso gaba, don na san yawancin zomayen da za mu yi magana a kansu naku ne, iyaye dai kuɗin dusa suke biya.

Maganar yau ba ta mai kiwo don nama ko kasuwa ba ce. Ta wanda ya ajiye zomo guda ɗaya ce don sha'awa, ya raɗa masa suna, yana ba shi karas a hannu, sai daga baya ya ga dabbar ta koma lungu ta yi shiru, ko tana ta gaigayar wayar keji, ko tana tsige gashin jikinta. Sai a zo mini a ce, likita ba shi da lafiya. In duba haƙori, in duba ciki, in duba kunne, ban ga komai ba. Sau da yawa kaɗaici ne ke cin sa.

Abin da ke ruɗa mu shi ne zomon da muka sani a daji, wanda mafarauta ke kora da karnuka. Shi wannan shi kaɗai yake yawonsa, ba ya haƙa rami, 'ya'yansa da gashinsu ake haifarsu, ido a buɗe. Na gida kuwa wata dabba ce daban. Asalinsa ƙasashen Sifen da Fotugal ne da kudancin Faransa, inda kakanninsa ke haƙa ramuka masu ƙofofi da yawa su zauna jama'a guda. Wani na kiwo, wani na gadi, in ya hango shaho ya buga ƙafar baya a ƙasa kowa ya faɗa rami. Dabbar da aka halitta a haka, in ka ajiye ta ita kaɗai, barcinta ma rabi-rabi ne, domin babu mai yi mata gadi.

Akwai wani bincike da aka wallafa a Birtaniya a 2008. Aka sa wa zomaye ƙofa mai nauyi, wadda sai sun tura kafin su kai ga abin da ke bayanta, ana ta ƙara mata nauyi. Sai aka ga wahalar da suka yarda su sha don su kai ga ɗan'uwansu zomo ta yi kusa da wadda suke sha don abinci. A Ingila ma dokar kula da dabbobi ta 2006 ta lissafa zama da 'yan'uwa, ga dabbar da ke buƙatar haka, a cikin haƙƙoƙin da ke wuyan mai ita.

To, sai mutum ya ji haka ya ruga kasuwa ranar Lahadi, ya sayo wani zomon, ya buɗe keji ya jefa shi. Nan ne nake samun aikin ɗinki. Zomo da kuke gani kamar ba zai iya kashe ƙuda ba, yana da haƙori kamar kurfi da farata masu yanka. Na ɗinka kunnen da aka tsaga biyu, na ga namijin da ɗan'uwansa ya cije wa maraina. Ku ɗauka an kawo amarya ne aka shigar da ita ɗakin uwargida, aka ce ga gadon nan ku raba, ga kwano ɗaya ku ci. Shi zomo yana da wani sinadari a ƙarƙashin haɓarsa, duk abin da ya goga wa haɓa ya zama nasa. Kejin nan ya goge shi kaf. Kuma mace, wato zomanya, ta fi namiji zafin kishin ɗakinta nesa ba kusa ba.

Wa za a samo masa? Zomo dai. Ba kaza ba, ba mage ba, ba kuma ɓeran Masar ba, ko da yake na san ana yawan haɗa su. Zomo na ɗauke da wata ƙwayar cutar numfashi da shi ba ta cika damunsa ba amma tana kashe ɓeran Masar, shuri ɗaya kuma ya isa ya karya shi. Haɗin da ya fi zama lafiya shi ne namiji da mace waɗanda duka an yi musu aikin hana haihuwa. Launi da irin zomo ba su da wani tasiri, hali ne abin dubawa. Kada kuma a ruɗe ku da 'yan ƙanana da ke kwana a kan juna. Da sun kai wata uku zuwa huɗu balaga ta zo, 'yan ciki ɗaya ma sai su zama abokan gaba, musamman maza.

Bari in tsaya a kan maganar aikin nan, don ita ce ginshiƙi. In ka haɗa namiji da mace haka nan, ba abota ka ƙulla ba, gona ka buɗe. Cikin zomanya kwana 31 ne ko kusa da haka, tana iya haifar shida, takwas, har fiye, kuma tana iya ɗaukar wani cikin washegarin haihuwa. Shi namijin da ba a fiɗiye ba ba ya barinta ta huta, yana fesa fitsari ko'ina. Ita kuma macen da ba a cire wa mahaifa ba, in ta haura shekara huɗu, sankarar mahaifa na yawan kama ta, wannan sananne ne a wajen likitocin dabbobi.

Amma don Allah kada a yi wa zomo dandaƙa, kada a ɗaure masa roba yadda wasu ke yi wa ɗan akuya. Hanyar da marainansa ke bi a buɗe take har cikin ciki, yana iya janye su ya mayar, in aka yi ganganci hanji na iya biyo hanyar. Aikin likita ne, da allurar barci. Kuma kada a hana shi abinci kafin aiki, domin zomo ba ya amai, cikinsa kuma ba ya son zama wayam. Bayan an yi wa namiji, a jira mako huɗu zuwa shida. Kafin nan yana iya yi wa mace ciki, zafin kansa ma bai gama sauka ba.

Sabon zomo kuma a killace shi aƙalla mako biyu, nesa da na gida, kwanonsa daban, a wanke hannu tsakani. A duba majina, atishawa, zawo, ɓawon cikin kunne, da ƙazwa a hanci da yatsu. Akwai wata cuta mai sa zubar jini a ciki, wadda aka fara gani a ƙasar Sin a 1984, wani sabon nau'inta ya ɓulla a Faransa a 2010, ta kuma shigo Najeriya a 2020 ta hallaka zomaye a yankin Ilorin. Da safe ka ga zomo lafiya, da yamma ya mutu. Daga kasuwa ake kwaso irinta.

In an wuce wannan, sai maƙwabtaka. A ajiye kejinsu kusa da juna, amma a bar tazarar kamar faɗin tafin hannu, don kada a ciji hanci ta cikin waya. A riƙa zuba musu harawa ta gefen da ke kallon juna, su saba cin abinci suna ganin juna. Kullum a musanya musu shimfiɗa, ko ma a musanya kejin. Ranar da ka ga wannan ya miƙe ƙafafu ya kwanta ta nan, wancan ma ya kwanta daidai shi ta can, to an kusa.

Haɗuwar farko a yi ta a wurin da babu wanda ya taɓa takawa a cikinsu, zaure ne ko wani ɗakin da aka share. Kada ya yi faɗi da yawa, kada ƙasan ya yi santsi. Da sassafe ko da yamma, domin zafin da ya haura digiri 30 kaɗai yana iya kashe zomo, balle a haɗa da tsoro da guje-guje. A tara ciyawa a tsakiya. In za a sa kwali na ɓuya, ya zama mai ƙofa biyu don kada a ritsa wani a ciki. Kai kuma ka zauna da su, da faifai ko guntun katako a hannu. Minti goma ya isa ranar farko.

Yanzu karatun jikinsu. In suka yi kamar ba su ga juna ba, kowa na cin ciyawarsa, kada ranka ya ɓaci, wannan alheri ne babba. In ɗaya ya hau ɗaya, ko da mace ce ta hau namiji, maganar shugabanci ake yi, ka bar su na ɗan lokaci. Sai dai in ya hau ta wajen kai, ka ture shi a hankali, don na ƙasa na iya cizon gabansa. 'Yar kora da ɗan tsige gashi duk suna cikin zo mu zauna zo mu saɓa. Za ka ga ɗaya ya tura kansa ƙarƙashin haɓar ɗaya ya yi lamo. Cewa yake, lashe ni. Wanda aka lasa shi ne babba. Wani lokaci su biyun su haɗa kai kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara, a nan sai ka shafa kawunansu tare.

Abin gudu shi ne ka ga wutsiya ta ɗaga, kunnuwa sun kwanta baya, ana gurnani, sun fara zagaya juna da sauri kai na bin wutsiya. Kada ka jira. Sa katakon nan a tsakaninsu. Kada ka sa hannu tsirara, a lokacin ba ya gane mai shi. In har suka dunƙule suka yi faɗa na gaske, a raba su, a duba jiki sosai don gashi na ɓoye rauni, a koma maƙwabtaka na wasu makonni. Zomo na riƙe abu a rai. Wasu kan ce a sa su a kwali ɗaya a zaga da su a mota, tsoro ya haɗa kansu. Ni ba na ba da wannan shawara. Zomon da ya firgita ya daina ci, in ya kai awa goma sha biyu ba ci ba kashi, hanjinsa ne ke tsayawa, a garzayo da shi asibiti.

Kullum a ƙara lokaci. Wasu cikin mako guda sun shirya, wasu sai an yi watanni. In sun wuni tare sun kwana tare kana kusa, har kwana biyu babu rigima, sai a wanke gidan da za su zauna da ruwan kal don ƙamshin mai gidan ya gushe, a sauya wa kaya wuri, a sa kwano biyu, mazubin ruwa biyu, maɓoya biyu. Daga nan kada a sake raba su. Ko asibiti za a kawo ɗaya, a taho da su biyun, don in ya koma da baƙon wari ana iya karɓarsa da cizo.

Hajiya a nan gaba tana tambaya, idan babu likitan da zai yi wa mace aiki a garinsu fa? Gaskiya ne Hajiya, ba kowane likitan dabbobi ne ya saba da zomo ba, ki tambaye shi kai tsaye ko ya taɓa yi. Asibitocin koyarwa na jami'o'in da ke da tsangayar likitancin dabbobi, irin su Zariya, Sakkwato da Maiduguri, nan ne wurin fara tambaya. Aikin namiji ya fi sauƙi, in shi kaɗai aka samu yi, a kan dace, sai dai macen za ta riƙa tashin hankali lokaci-lokaci, tana tara ciyawa a baki kamar mai ciki. In ko ɗaya bai samu ba, ki bar su a maƙwabtaka har abada, keji biyu da tazarar nan a tsakani, suna gani suna jin ƙamshin juna, a riƙa fito da su shan iska ɗaya bayan ɗaya.